Langar Jere da Tabarmar Babanki

Uwani ƴata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Yau nake rubuta wannan, gobe da safe za a tafi da ke. Ina fatan lokacin da za ki karanta, mota ta riga ta sauke ku Damagaram lafiya, ke da gwaggonninki da kayanki, babu abin da ya fashe, babu wanda ya ji ciwo. Allah ya tsare ki a hanya, ya tsare ki a ɗakin da za ki shiga, ya sa kin shiga a sa'a. Ki gaida mini mai gidanki da iyayensa, gaisuwa mai yawa.

To, gaisuwa ta ƙare nan. Raina a ɓace yake, kuma ba zan ɓoye miki ba.

Takardar nan da kika tsinta cikin tsohuwar langa, ni na saka ta da hannuna, ni kuma na cusa langar ƙarƙashin zannuwanki ban tambaye ki ba. Na san za ki yamutsa fuska ki ce wa ya haɗo ki da wannan tsohon yayi. Ni ce. Kada ki tura ta bayan ƙofa sai kin karanta har ƙarshe. Na so in zaunar da ke mu yi magana baki da baki, amma kwana bakwai ke nan gidan cike da ƴan biki, ke kuma idonki na kan waya. In na yi miki saƙon murya, rabi za ki saurara ki ce Inna ta fara. Shi ya sa na ɗauko alƙalami da sauran littafin da na ajiye tun muna karatun manya. Rubutuna bai kai na madam ɗin lakwal, malamar makaranta irinki, ba, amma za ki gane shi.

Maganar shekaranjiya da la'asar nake yi. Kin tuna, ko har kin manta? An sauke kujerun salonki, na falon karɓar baƙi, a tsakar gida gindin dogon yaro, ko ledarsu ba a cire ba, ƙawayenki sun kewaye su suna ta ɗaukar hoto. Babanki ya shigo daga gona. Tun bayan sallar asuba yake sunkuye yana roron wake, da gwiwar nan tasa da kika sani. Ya ga kujera ya zauna. Ba ma zama na sosai ba, a bakin-baki ya ɗosana, ya shafa hannun kujerar yana dariya, ya ce, "Kai, Uwani, wannan ai ta gwamna ce." Ke kuma me kika ce? "Wayyo Baba, tashi, tashi! Duk ƙasa ce a jikinka, za ka ɓata mini." A gaban ƴaƴan mutane! Bai gama miƙewa ba kika zare ɗankwali kika hau goge wurin. Leda fa kike gogewa, Uwani. Leda!

Abin da ya fi ƙona mini rai amsarsa ce. Ya ce, "Af, yi haƙuri, ban lura ba." Wai shi ne ma mai ba da haƙuri. Mutumin da ya kora ɗan bijimin da ya shekara biyu yana kiwo zuwa kasuwa, ya haɗa da gyaɗarsa ta bara, don a sayo kujerun nan. Ya koma kan dakali ya cire takalmi yana kakkaɓewa, sai ka ce shi ya yi laifi. Kin ma dubi inda ya koma? Ba ki duba ba, kin koma wajen hoto.

Kuma ba ki tsaya nan ba. Da aka zo haɗa gara, na fito da kukar da na daka na tankaɗe da kaina, da busasshiyar kuɓewa, da kauɗar tumatir, da man gyaɗa, da garin gero, da daddawar batson da na yi kwana da kwanaki ina fama da ita, daga dafa gurguzu har shanya. Kika toshe hanci kika ce kada a sa wannan mota ɗaya da rido na labule da tapi na shimfiɗar ƙasa, wari zai kama su. Wai ke gaz gare ki da firigo mai sanyaya abinci, can ba a cin irin wannan. Can ina? Damagaram? Haba, Uwani! Ni ma na je Damagaram, na ga tallan daddawa a bakin kasuwa da idona, kuma ba aljanu ke saye ba. Warin nan da kike toshe wa hanci, shi na riƙa ɗorawa a faifai ina kai wa kasuwa, da shi aka saya miki littattafai tun daga ajin farko har kika zama madam. Lokacin ba ki ce yana kama miki riga ba.

Wallahi na yi niyyar kwaɗa miki mari a gaban kowa, da amarcin da komai. Abin da ya riƙe hannuna shi ne na san inda kika koyo halin nan. A ɗakina kika koye shi. Saboda haka fushin da nake ciki kashi biyu ne, rabi da ke nake, rabi da kaina, kuma nawa laifin ya girmi naki nesa ba kusa ba. Gyara zama ki ji abin da ban taɓa gaya wa ko ɗaya daga cikinku ba.

Kin san a wani ɗan ƙauye gaba da Waca aka haife ni. Ɗakin kakarki, wadda kika ci sunanta, ba komai a ciki sai daɓen da ta yi da makuba yana ta sheƙi, da bangon da take shafewa da farar ƙasa duk shekara, da gadon kara, da ƙore huɗu ko biyar a ragaya. Kowace ƙwarya a ɗakin nan da aikinta, ga ta fura, ga ta nono, ga ta tsaba, ga wadda ake ba baƙo ruwa. Da aka kawo ni Bande gidan babanki, ni a ganina birni na shigo. Maƙwabciyarmu matar wani ma'aikacin gwamnati ce da aka yi wa canji daga Magarya, muna ce mata Madam. Ranar da na fara shiga ɗakinta na ga bife mai gilashi shaƙe da samira da langa, jere tun daga ƙasa har sama, ja da fari da ruwan ganye, ga leda mai fure shimfiɗe a ƙasa, sai na ji ƙoren da aka kawo ni da su sun zame mini abin kunya. Ina dawowa na tura su ƙarƙashin gado. Ita Madam, baiwar Allah, ba ta ce mini komai ba, ruwa ma ta ba ni mai sanyi. Ni na jawo wa kaina ciwon.

Kakanki, mahaifina, ya ba ni tunkiya lokacin aurena, ya ce in riƙe ta da kyau, ita ce gonata. Tana da ciki na sa aka kai ta kasuwa. Na ba wani ɗan uwan babanki mai zuwa ƙetaren iyaka sautu, ya kawo mini samira jeri biyu da babbar langar nan da ke gabanki. Kafinta ya buga mini bife, na shimfiɗa leda. Babanki ya ce, "Tunkiya mai ciki, Hajara?" Na ce masa shi namiji ne, me ya sani a harkar ɗaki.

Daga ranar na zama baiwar kwanuka. Duk Juma'a sai in sauke su ɗaya bayan ɗaya, in goge, in mayar. Ba a ci a ciki, ba a sha a ciki. Mu kuwa a wani kwano mai ɓantararren baki muke cin tuwo. Sau nawa tuwona ya kama a tukunya ina can ɗaki ina goge abin da ba ya jin yunwa? Wata shekara da rumbu ya ƙare tun kafin ruwa ya sauka, matan da suka riƙe tumakinsu suka fitar da ɗan rago suka sayo hatsi, ni kuwa ina zaune ina kallon fuskata a murfin samira. Duk don wa? Don masu zuwa ganin ɗaki. Su shigo, su yi ta kai-kai, wannan ta ce kala kaza ce ake yayi yanzu, waccan ta ƙirga da ido, su sha ruwa su fita su je su yi da ni a gaba. Ranar da na kwanta ciwo bayan haihuwar yayanki, ko ɗaya daga cikinsu ba ta zo ta ɗora mini tukunya ba.

Ki yi adonki, ban hana ki ba. Ni ba maƙiyiyar kyau ba ce, kuma kujerun nan naki, tsakani da Allah, sun yi kyau, ni ma na shafa su da ba kowa a wurin. Ɗakin mace ya kamata a shiga a ji sanyi a rai. Amma duk abin da kika saya kika ga tsoron taɓa shi kike yi, har kina korar mutane daga kusa da shi, to uwar ɗaki kika sayo wa kanki, bauta za ki yi ta yi mata. Ki yaye ledar kujerun nan tun ranar farko. A zauna a kai su tsufa, don haka aka yi su.

Ke kanki kin sha wuya a hannuna a kan kwanukan nan, ban sani ba ko kina tunawa. Kina ƴar shekara huɗu, ina tsakar gida ina surfe, kika lallaɓa ɗaki kika buɗe bife, kika ɗauko ƴar ƙaramar samira kika juye furarki a ciki, kika fito kina tsalle kina cewa, "Inna, kalli kwanona mai fure!" Na yar da taɓarya na bi ki da mari. Fura ta zube, kika yi kuka har kika shiɗe. Kin san abin da na fara ɗauka? Samirar. Na juya ta na duba ko ta ɓantare, sannan na dubi kumatunki. Shekaranjiya da na ga kina goge leda ba ki waiwayi babanki ba, ranar nan ce ta faɗo mini a rai. Na koya miki, kin kuwa iya. Allah ya ba ki ƴaƴa masu albarka. In ya ba ki, za su zubar da kunu a tapi, za su goge hannun miya a jikin rido, babu makawa. Ki tsawata, ki wanke, amma yaron za ki fara dubawa.

Wajen girki ma na yi nawa haukan, tun farkon zuwana. Na ga Madam tana dafa shinkafa da miyar tumatirin gwangwani, mai yana yawo a sama, ba daddawa sai dunƙule. Na ce ni ma na bar kuka, na bar daddawa, wai suna sa ɗaki wari. Mu da abin da ke rumbunmu gero ne da dawa da wake! Sai in ɗebi gero in sayar in sayo ƴar shinkafar da ba ta kai mu ko'ina. Ga shi ban iya ba. Yau ta caɓe, gobe ta ƙi nuna, jibi gishiri da dunƙule su yi yawa har harshe ya yi zafi. Babanki ya wuni yana noma, ya dawo ya yi loma uku ya sha ruwa ya ce alhamdu lillahi. Ni wawuya na ɗauka abincin birni ne mai saurin ƙosarwa. Ashe ta gidan yayarsa yake biyowa, gwaggonki Ladi, ya ci tuwon dawa da miyar kuka ya yi nak, sannan ya shigo gida. Kusan shekara guda! Ita ce ta gaji ta tare ni a bakin rijiya ta ce, "Hajara, in kin manta yadda ake tuƙa tuwo ki zo in tuna miki, hatsina ya kusa ƙarewa." A gaban mata fa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na yi wata biyu ba na gaishe ta, alhali gaskiya ta faɗa.

Mai gidanki mutumin Mallawa ne. Ko da yake yanzu a biro yake wuni yana aikin ofis, da tuwo aka yaye shi. Ban ce kada ki dafa shinkafa da taliya ba. Ki dafa, ki more gaz ɗinki, ni ma da na samu tun da wuri da hayaƙin kara bai cinye mini ido ba. Amma ki riƙa duba kwano in ya dawo daga gabansa. Namiji mai kunya ba zai buɗe baki ya ce miki bai ƙoshi ba, zai yi miki godiya ne ya nemi wani wuri. In kin ga kwano yana dawowa da rabi kwana biyu a jere, kada ki tsaya fushi, ki sake tukunya.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Duk na baya da na faɗa, da su kaɗai ne da na bar su a cikina.

Kina shekara biyar lokacin. Kakanki bai taɓa zuwa ɗakina ba tun da aka kawo ni, kin san kunyar mutanen da, uba ba ya yawan taka gidan ƴarsa. Sai wata shekara bayan kaka ya biyo amalanken wani maƙwabcinsa da zai kawo wake kasuwar Bande. Ya iso da hantsi, da ɗan buhun gero a ka, da ƙullin kuka da daddawa da kakarki ta aiko mini. Ƙafarsa duk ƙasa, ga faso. Ya yi sallama na fito da gudu. Wallahi da murna na fito, Allah ne shaidata. Ya sauke kaya, ya matso bakin ƙofar ɗakina ya leƙa, ya ga jere yana walƙiya, ya ce, "Masha Allah, Hajara, ashe haka Allah ya yi miki!" Ya ɗaga ƙafa zai shiga. Da safen ranar na wanke ledar. Na dubi ƙafarsa, na ce, "Baba, ɗakin da zafi, bari in shimfiɗa maka a inuwa." Ya mayar da ƙafar. Ya dube ta, ya dube ni, ya ce, "To, inuwar ma ta yi." Ya gane, Uwani. Tsufa ne ya kama shi, hankalinsa yana nan garau.

Na shimfiɗa masa tsohuwar tabarma gindin dogon yaron nan, daidai inda aka sauke kujerunki. Ƙullin daddawar na kai can jikin rumbu na rataye. A lokacin na daɗe da komawa tuwo, amma ranar sai zuciya ta raya mini in nuna masa ƴarsa ta waye. Na dafa shinkafa, wa mutumin da haƙoransa suka ƙare, wanda ba abin da yake so a duniya irin tuwo mai laushi da miyar kuka. Da na zo zubawa na tsaya gaban bife. Hannuna har ya kai kan langar nan. Na ce a raina mai zai ɓata ta, kuma jeren zai yi giɓi. Na janye hannu na zuba masa a kwanon nan mai ɓantararren baki. Ya ɗan taɓa kaɗan, sauran ya riƙa ba ki a baki kina zaune a cinyarsa. Da la'asar amalanke zai koma, ya sa mini albarka, doguwar albarka, sannan ya ce, "Tunkiyar nan fa, ta yi garke yanzu ko?" Na ce tana nan lafiya. Ya ce madalla. Ya sake leƙa ɗakin daga waje, ya ɗauki sandarsa ya tafi.

Na ce a raina in ya dawo baɗi zan gyara. Na aika masa sau biyu ya zo, ya ce a gaya mini ƙafa ta yi nauyi. Wataƙila gaskiya ne. Amma an gan shi kasuwar Waca, kuma na ji ya je suna har Dungas. Kafin kaka ta biyu ta zagayo aka aiko mini ya rasu.

Da zan tafi makoki na buɗe bife na ɗauko langar nan na ƙulle a zane, ni kaina ban san me ya sa ba. Ranar sadakar uku na tuƙa tuwon gero mai laushi, na kaɗa miyar kuka da daddawa da man shanu, na cika ta fal aka fitar wa masu zaman makoki. Baƙi suka ci suka suɗe, ina daga cikin gida ina jin wani yana cewa kai, langar nan da kyau take. Ranar ce abinci ya fara shiga cikinta. Kakarki ta dube ni ta ce, "Ya ba ni labarin jerenki. Ya ce daga ƙofa ma abin kallo ne." Daga ƙofa! Yau shekara ashirin ke nan, maganar nan ba ta bar kunnena ba.

Kuma kin san abin haushin? Na dawo Bande na wanke langar na mayar da ita mazauninta, na ci gaba da gogewa duk Juma'a. Kunya ta hana ni faɗa, taurin kai ya hana ni sakewa. Madam an daɗe da yi musu canji, da za ta tafi rabin samirarta ta rarraba wa maƙwabta don mota ba za ta ɗauka ba, ko a jikinta. Yayin samira ma ya wuce, yanzu ku dariya kuke yi mana in kun gani, kamar yadda ƴaƴanki za su yi wa ridonki dariya. Jiya da na sauke su na tarar uku sun yi tsatsa a gindi, ba su taɓa ganin miya ba. Tir da wannan aiki nawa.

Me ya sa na sauke su jiya? Bari ki ji. Da safe babanki ya ce zai leƙa kasuwa. Ya dawo da sabuwar tabarmar kaba naɗe a hammata. Na ce, "Malam, ta mece ce, ga tabarmi cike da gida?" Ya ce, "Ta tafiya ce. In an gama yankan dawa ina so in je in ga inda aka kai yarinyar nan. Sai in riƙe abata, kada in je in ɓata mata kaya." Ba da fushi ya faɗa ba, Uwani. Da ma da fushi ne, da na sami abin lallashi. Yana faɗa yana duba saƙar ko ta yi ƙwari. Na shige madafa na yi kuka na ƙoshi, gwaggonki Ladi ta ɗauka kukan rabuwa da ke nake yi, tana ta ba ni baki.

Da na share hawaye na shiga ɗaki na sauke jeren kaf. Na tuƙa tuwo, na zuba wa babanki a langar nan na kai masa. Ya dubi langa, ya dube ni, ya ce, "Yau kuma wane babban baƙo muka yi?" Na ce kai ne. Ya yi dariya ya ce tsufa ya fara taɓa ni, ya kuwa cinye tas. Shekara talatin muna tare, jiya ya fara cin abinci a kwanon da ke ɗakin matarsa. Samirar da ba ta yi tsatsa ba na kai madafa, wasu na ba matan yayyenki. Bife yanzu kayan miya ne a ciki.

Kuka da daddawar da kika ƙi, ban mayar ba. Na zuba su cikin gwangwani mai murfi na ɗaure, suna cikin buhun da gwaggonki Ladi za ta riƙe a ƙafarta, babu abin da zai kama ridonki. Na sa miki muciya da maburgi a ciki. In kin ga dama ki zubar, ɗakinki ne. Amma kafin ki zubar, ga abin da nake so.

Ranar da babanki zai zo, ki fito har ƙofar gida ki karɓi kayansa. In yana son ruwan wanke ƙafa ki kawo masa, in bai nema ba ya shiga haka nan. Ki zaunar da shi a babbar kujerar, ta tsakiya, ko wa ke ɗakin, ko da matan abokan aikin mijinki ne sun cika shi. Ki tuƙa masa tuwon gero. Na san kin iya, ni na koya miki, bar nuna kin manta. Ki bar talge ya dahu sosai kafin ki zuba gari, ki rage wutar gaz ɗin nan don ba murhu ba ne, yanzu-yanzu zai kama, in kin tuƙa ki rufe ya sulala. Kukar kada ki juye ta gaba ɗaya ta yi miki gudaji, kaɗan-kaɗan kina kaɗawa. Yaji kaɗan, cikinsa ba ya ɗauka yanzu. Ki zuba masa a langar nan. In miya ta ɗiga a tapi, ki kau da kai, ki bar ta sai ya tafi.

Amma kada ki jira sai ya zo. Kina gama karanta wannan ki kira shi a waya, ki ba shi haƙuri da bakinki. Zai ce miki ba komai, zai ce me ma aka yi, ya manta. Kada ki yarda ki kashe waya a nan. Kakanki ma cewa ya yi inuwar ta yi. Ki faɗi abin da kika yi da sunansa, ki ce kin yi kuskure, sannan ki ce masa ya bar tabarmar nan a gida.

Tana nan jingine bayan ƙofar ɗakinsa, ko igiyarta bai kwance ba, yau da safe da na shiga shara na gan ta. Dawa ta riga ta sunkuyar da kai, yanka ya kusa. Ranar da zai hau mota ni zan raka shi bakin hanya, kuma hammatarsa zan duba. In na ga ya fito da tabarmar nan, to na san takardata ta faɗi banza, kuma kada ki sa ran ganina a salonki, don ni ma da ƙasa a ƙafata.

Allah ya tsare ki, ya tsare mai gidanki, ya kiyaye ku daga gobara da ciwo da bakin mutane. Ya zaunar da ku lafiya, ya cika tukunyarki, ya kawo miki masu ci. Ya jiƙan kakanki, ya sa ya yafe mini. Ya kai babanki ƙofarki lafiya, ba komai a hannunsa sai tsarabar gero, ya kuma dawo mini da shi a ƙoshe.

Innarki, mai fushi da ke, wadda ta fara kewarki tun ba ki tafi ba,

Hajara